"Kai ba lebul ɗina ba ne": Ingilishin burga da waɗanda ake takawa da shi

Ƴan uwa matasa, akwai wasu kalmomin Ingilishi da ba su kai goma ba da suka cika mana baki a ƴan shekarun nan: "level", "class", "big boy", "boss", "local", "broke", "flex", "hater". Ka zauna a fada a Maraɗi ko Damagaram, ka leƙa TikTok, ka bi status ɗin abokanka na WhatsApp, da wuya ka yi minti biyar ba ka ci karo da ɗayansu ba. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta shigo don ta sa wa wani sabon abu suna. Aikinsu guda ne, a ɗaga wani sama a danne wani ƙasa. In kuwa ka duba wanda ake dannewa, kusan kullum za ka tarar ɗan talaka ne, wanda ba a kai lakwal ba, ko wanda aka cire tun daga firamare, ko wanda ya baro ƙauye bayan kaka ya shigo birni neman abin sawa a bakin salati. Wannan ɗabi'a ce nake ƙi, kuma zan faɗi dalilaina.

Kafin wani ya ce ga ɗan gargajiya nan ya zo zai hana mu wayewa, bari in share fage. Aron kalma ba laifi ba ne, Hausa ta daɗe tana yi. Daga Larabci ta ɗauko littafi, alƙalami, alƙali, duniya. Daga Ingilishi ta ɗauko mota, tebur, bokiti, direba. Mu nan Nijar daga Faransanci muka ɗauko lakwal, mushe, kamiyo. Duka waɗannan sun shigo ne don akwai gurbi, kuma da suka shigo sun zama na kowa. Tsohuwa a ƙauyen Tasawa da ba ta taɓa riƙe alli ba ta san mota, ta san bokiti, babu mai yi mata taƙama da su. Kalmar burga kuwa amfaninta na ƙarewa ranar da kowa ya san ta. Ku dubi "gayu". Daga Ingilishi aka samo ta, a zamanin iyayenmu ita ce ta ƴan birni. Yau da ta shiga bakin kowa, har mai tura kura na cewa ya yi gayu ranar salla, masu burga sun yar da ita sun nemo sabuwa. To ka ga ma'auni: kalmar da mai ita ke so kowa ya gane, aro ce. Wadda mai ita ke jin daɗi in ba ka gane ba, sanda ce.

Mu ɗauke su ɗaya-ɗaya mu ga mi suke nufi, don da yawan masu faɗarsu ba su taɓa tambaya ba.

"Level", wadda muke cewa lebul. "Kai ba lebul ɗina ba ne." A wajen masu harshen, asalin kalmar sunan ma'auni ne, ɗan abin nan mai ruwa a ciki da magini ke ɗorawa bisa bango ya ga ko ya miƙe, ko wani gefe ya fi wani tudu. In Bature ya ce ƙasa tana "level", yana nufin shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba kwari. Kalmar da aka ƙera don a gane daidaito, ita muka mayar abin cewa ɗan'uwa bai kai ba. Ita kuwa "class" tun tushenta ba ta da kunya. Rumawan da ne suka riƙa kasa ƴan ƙasarsu kashi-kashi bisa yawan dukiya, kowane kashi da wannan suna, wanda ba shi da komai yana can ƙasan kowa. Duk yarinyar da ta ce wa ƙawarta "ba ki da class", abin da ta ce a fili shi ne: ubanki ba shi da kuɗi.

"Big boy" ta zo mana daga Najeriya, ta hanyar waƙoƙin Legas da finafinai. Ku tambayi kakanninku mi ake nufi da boyi. "Boy" shi ne sunan da Turawan mulkin mallaka, na Ingila da na Faransa duka, ke kiran mai yi masu wanki da shara da dafuwa. Ko da furfura a kansa, ko yana da jikoki, boyi ne, yaro ne, ba a kiran sunansa. Kalmar ta zauna cikin Hausa da wannan ma'ana, har yau muna cewa boyi-boyi. Yau kuma jikan boyi ya sayi mota ya rubuta a bayanta cewa shi babban boyi ne, yana jin ya hau sama. "Boss" ita ma da nata tarihin. Ingilishi ma aro ya yi daga harshen mutanen Holan, inda "baas" ke nufin ubangida. A Afirka ta Kudu lokacin wariyar launin fata, da ita baƙar fata ke kiran farar fata, yana so ko ba ya so. Mu da muke da maigida, muke da uban ɗaki, kalmomin da ke ɗauke da nauyi, don maigida shi ke ciyarwa, shi ake tasa da dare in yaro ba lafiya, sai muka zaɓi wadda ba ta ɗora wa mai ita nauyin kowa. Bos ba ya biyan kuɗin maganin kowa, hoto kawai yake ɗauka.

"Local" ita ce ta fi ba ni haushi. Ma'anarta ba ta wuce "na wurin", "na gida" ba. Amma a bakinmu ta zama zagi: tufafin lokal, yarinya lokal, tunanin lokal. Wato duk abin da ya fito daga ƙasarka abin kunya ne. To mu lissafa kayan lokal ɗin. Albasar Galmi lokal ce, kuma ita ake lodawa a manyan kamiyo zuwa Akara da Abijan. Kilishin Madawa da na Tasawa lokal ne, shi kake ɗaure wa abokinka tsaraba in za ka waje. Fatar da majeman Damagaram ke jemewa lokal ce. Alhazan Maraɗi da suka kafa kasuwanci tsakanin Nijar da Najeriya, har wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986, akasarinsu da Hausa da karatun allo suka yi lissafinsu. Uwar da ta haife ka ma lokal ce. Sai "broke", wadda asalinta daga "karyewa" take. Abin mamaki, mu ma haka muke cewa: wane ya karye, an samu karayar arziki. Bambancin shi ne Bahaushe in ya ce ɗan kasuwa ya karye, da tausayi yake faɗa, ya bi da "Allah ya mayar da alheri". "Broke" kuwa da dariya ake faɗarta, kuma ana jifan wanda bai taɓa samu ba balle ya karye.

"Flex" asalinta tanƙwara hannu ne a nuna ƙwanji. Mawaƙan rap na Amurka suka mayar da ita nuna dukiya: sarƙa, agogo, mota, damin kuɗi a gaban kamara. Ƙanwarta ita ce "hater", mai ƙiyayya, kuma tare suke tafiya kamar ɗan jirgi da jirginsa. Mutum ya baza kuɗi a bidiyo, in ka tambaya ina ya samo su, an ce kai heta ne, magana ta ƙare. Kalma ɗaya ta rufe bakin tambaya. Kun tuna Hushpuppi, ɗan Najeriyar nan da miliyoyin matasa ke bi a Instagram saboda motoci da jiragen haya da kayan sawa masu tsada? An kama shi a Dubai a 2020, kotun Amurka ta yanke masa ɗaurin sama da shekara 11 a 2022 kan halatta kuɗin damfara. Shekara da shekaru duk wanda ya tambayi sana'arsa heta ne. A garuruwanmu da can, in yaro ya shigo gida da abin da ya fi ƙarfinsa, uwarsa ce ta farko da za ta tsare shi ta ce ina ka samo wannan? Yau da ita ma za a ce mata heta.

Tambayar da ta kamata mu yi ita ce, don mi sai da Ingilishi? Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Muna da fariya, fankama, taƙama, alfahari, homa, kuri, cika baki, ji da kai, girman kai, yanga. Amma ku lura, kusan dukansu sunayen aibi ne. Ba wanda zai tashi a taro ya ce "yau zan yi maku fankama". Harshenmu ya riga ya yanke wa ɗabi'ar hukunci, shi ya sa aka ce yabon kai jahilci. Gwada ka ce wa mutum da Hausa tsantsa, a gaban jama'a, "kai matsiyaci ne, ba ka isa ka zauna inda nake ba". Fada za ta yi tsit, wani zai ce haba wane, ji tsoron Allah, kai ne za ka ji kunya. Amma ka ce "broke ne, ba lebul ɗinmu ba ne", sai a fashe da dariya a tafa. Maganar ɗaya ce, an dai sake mata riga. Baƙuwar kalma ba ta ɗauke da kunyar da iyayenmu suka rataya wa tamu, shi ya sa ake gudu zuwa gare ta. Wanda aka zaga kuma sau da yawa bai gane ba sarai, ya dai ji ana dariya, ya ji a jikinsa da shi ake. Ba shi da bakin ramawa, kuma da ma saboda haka aka zaɓi kalmar.

Wani zai ce ai Bahaushe ma na kirari. Gaskiya ne, kuma ina son kirari. Tun da aka fara gasar takobin kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, ba a taɓa yin ta babu kirari ba. Ɗan kokowa zai fito ya yabi kansa, ya kira garinsu, ya ce babu mai kai bayansa ƙasa. Amma ku dubi sharuɗɗan. Yana faɗa da harshen da kowa ke ji, abokin karawarsa na tsaye yana saurare, kuma zai mayar masa. Wanda yake yi wa kirarin ƙato ne irinsa, ba almajiri ko mai tallan ruwa ba. Daga nan kuma sai a shiga fili, gaban dubban mutane, inda ƙasa za ta raba gardama. In ya faɗi, da kirarinsa ya faɗi, gari duka ya gani. Mai lebul fa, a wane fili ake gwada shi? Wa ya taɓa ganin an kayar da shi? Ya zaɓi wanda ba zai iya ramawa ba, ya zaɓi harshen da ba za a kama shi ba, sannan ya kira kansa bos. Ko ɗan dambe ba ya kai wa wanda bai ɗaure hannu ba naushi.

Wannan cuta ba da TikTok ta fara ba, kuma ba da Ingilishi ta fara ba. A nan ƙasar da Faransanci aka shuka ta. Mulkin mallaka ya raba mutane biyu: ga "indigène", talakan ƙasa da ake iya ɗaurewa ko a tura aikin tilas ba tare da shari'a ba, har zuwa 1946 da aka soke wannan doka, ga kuma ƴan tsirarun da suka yi lakwal, waɗanda ake kira "évolué", wato waɗanda suka waye. Abin da ke raba su a fili shi ne harshe. A lakwal kuma akwai sambol, wani ƙashi ko gwangwani ko guntun itace da ake rataya wa duk yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa. Shi kuma sai ya yi ta kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa, wanda abin ya kwana a wuyansa ya sha bulala. Ku tambayi iyayenku, da yawansu sun rataya shi bayan ma an samu ƴancin kai a 1960. Darasin da sambol ya koyar biyu ne: harshenka abin kunya ne, kuma hanyar tsira ita ce ka rataya wa ɗan'uwanka kunyar. Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan tsibirin Martinik, ya buɗe littafinsa na 1952 da babi a kan wannan, a kan baƙar fatar da ke zuwa Faransa ya dawo yana yi kamar ya manta harshen gidansu. Duk lokacin da ka ce wa wani "lokal", sambol ɗin nan ne ka ciro ka rataya masa. Mushen da ya ƙirƙiro shi ya daɗe da tafiya, mu ne muka ci gaba da yi masa aiki kyauta.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne abin da ya faru a watan Maris na 2025. Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ma'ana, Ingilishi zai ƙara samun wuri a lakwal da ma'aikatu da neman aiki. Wa zai fara samunsa? Ɗan wanda ke iya biyan makaranta mai zaman kanta a Yamai, ko ya tura shi karatu Gana ko Najeriya. Ɗan manomin Mayahi ko Tanut, wanda ajinsa na zana ne, ba littafi, wani lokaci ba mushe, shi ne zai zo na ƙarshe kamar kullum. A ƙasar da fiye da rabin manyanta ba su iya karatun boko ba, in muka bar Ingilishi ya zama abin taƙama tun kafin ya zama abin aiki, to mun sauke tsanin Faransa ne kawai mun kafa na Ingila a wuyan mutanen da suka ɗauki na farko. An rubuta a takarda cewa Hausa ce harshen ƙasa, mu kuma a fada muna dariyar wanda ita kaɗai ya iya. Wannan wane irin ƴanci ne?

Ga kuma wani abu da masu burga da Ingilishi ba su sani ba: shi kansa Ingilishin ya taɓa zama lokal a gidansa. A 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Shekaru ɗaruruwa bayan nan, Faransanci ne harshen fada da kotu da manyan mutane, Ingilishi kuwa na manoma da makiyaya da barori. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi. Tabon na nan har yau cikin harshen: sunan saniya da tunkiya da alade, muddin suna da rai a hannun makiyayi, na Ingilishi ne, amma sunan namansu a bisa teburin mai kuɗi daga Faransanci yake. Da ƴan Ingila sun yarda da abin da ƴan burgarsu na wancan zamani ke faɗa, cewa harshensu na ƙauyawa ne, da yau babu Ingilishin da za ka yi mana yanga da shi. Sun ɗaukaka shi ne da suka yi shari'a da shi, suka yi rubutu da shi, suka koyar da ilimi da shi. Namu Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, masanin kimiyyar hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka yana kiran a koyar da yara da harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. Mutumin da ya ƙware a kimiyya har Turawa suka san da shi bai ga harshen gida lokal ba, sai kai da ka haddace kalma takwas daga waƙa.

Kar wani ya ce wasa ne kawai, na fada ne, ba ya cutar da kowa. Abin da aka saba a fada shi ake kai wa wurin aiki. Yaron da ya koyi jin daɗin maganar da wani bai gane ba, gobe shi ne ma'aikacin da zai karanta wa tsoho takardar filinsa da harshen da bai ji, ya ce sa hannu nan. Shi ne ma'aikacin gidan likita da zai jefa wa uwa sunan cutar ɗanta da turanci ya juya baya, ta fita ba ta san sau nawa za ta ba da maganin ba, tana jin nauyin tambaya kar a ce mata baƙauya. Shi ne ɗan ƙungiyar da zai je taron manoma ya cika su da manyan kalmomin da ya kwaso daga atiliye, su yi shiru, ya koma ya rubuta cewa jama'a sun amince. Akwai kuma waɗanda ke biyan kuɗin burgar da jikinsu. Saurayi ya ci bashin jika ɗari ya sayi waya don kar a ce masa broke. Yarinya ta shafa man bilicin ya ƙone mata fata don ta samu class. Ɗan koyon kanikanci ya bar garejin da zai ba shi sana'a saboda abokai na ce masa aikin lokal, ya koma zaman fada da neman kuɗin mega. Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba, amma yara na barin kilishin suna bin fankam ɗin, don mu muka nuna masu shi ake tafa wa.

Na san za a ce Ingilishi harshen duniya ne, dole mu koya. Ƙwarai kuwa, ni ma haka na ce, a koye shi, a koye shi da gaske. Iyakarmu da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, kasuwancinmu na Kano da Katsina da Legas da Akara na buƙatarsa, yawancin ilimin da ke intanet da shi aka rubuta. Amma haddace "flex" da "big boy" ba koyon Ingilishi ba ne. Da yawan masu jifan mutane da waɗannan kalmomi, ka ba su takardar neman aiki shafi ɗaya su cika da Ingilishin, sai gumi. Ɗan kamashon da ke tsallaka iyakar Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko Ƙonni zuwa Illela, ya yi ciniki da Inyamuri da ɗan Ingilishin da ya tsinta a tasha, ya fi su iya harshen, don shi nasa na kawo abinci gida. Kuma ku lura da waɗanda suka iya da gaske: in suna gaban wanda bai ji, su ne ke saurin fassarawa. Wanda ya ƙoshi ba ya yawo da cokali a hannu don a san ya ci.

Mu Hausawa kuma akwai namu kashedin. Yanzu da aka ɗaga harshenmu, kar mu ɗauki sandar da aka doke mu da ita mu juya kan Bazabarme ko Bafillace ko Babarbare ko Buzu ko Tubu don Hausarsa ta karkace. Kar ɗan birni ya yi wa ɗan Adar ko ɗan Arewa dariya don ya ce "mi" ko "shina", ko don bai yi irin Hausar finafinan Kano ba. Ciwon ɗaya ne ko da wane harshe aka yi shi. Wanda ya ji zafin "lokal" bai kamata ya zama mai cewa "bagware" ba.

Abin da nake nema a wajenmu ba shi da wuya, ba ya buƙatar doka ko kuɗi. In wani ya jefa irin wannan kalma a fada don ya muzanta wani, kar ka yi dariya, ka ce masa: fassara mana da Hausa. Ka bar shi ya faɗa da bakinsa cewa yana nufin wane matsiyaci ne, mu ga ko zai iya kallon idonsa. In kai ne ka iya Ingilishi ko Faransanci, zakkar iliminka ita ce fassara: karanta wa maƙwabcinka takardar magani, bayyana wa tsoho abin da zai sa wa hannu, koya wa ƙannenka abin da ka sani ba tare da ka sa sun ji su jakai ba ne. In kana jagorantar taro, ka yi shi da harshen da mafi yawan mahalarta ke ji, duk kalmar waje da ta zama dole ka warware ta nan take. In aka nuna maka dukiya a bidiyo, ka tambayi sana'a, ko an ce maka heta. In kuma kai ne aka ce wa lokal, kar ka sunkuyar da kai. Ka ce e, ɗan nan ne ni, uwata da ubana ƴan nan ne, sannan ka tambayi mai faɗar shi daga ina aka kawo shi.